Ohio State ta ɗauki kofin ƙasa, amma Michigan ta doke ta har gida: yaya za a auna kakar 2024?

Mai Usur:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda kakar 2025 ta ƙwallon Amurka ta jami'o'i ta kawo kai, ina so mu yi wa Ohio State hisabi na gaskiya. A takarda babu abin cewa: ta ci wasa 14, ta sha kashi a 2, ta ɗauki kofin ƙasa a Atlanta ranar 20 ga Janairun 2025 bayan ta doke Notre Dame da maki 34 da 23. Kafin nan rabonta da wannan kofi tun kakar 2014. Amma ita ce dai ƙungiyar da Michigan, wadda a lokacin ta ci wasa 6 ta faɗi 5, ta zo har gidanta a Columbus ta doke ta 13 da 10. Ba ta ko kai wasan ƙarshe na Big Ten, rukunin jami'o'in da take ciki, ba. Tambayata: kocinta Ryan Day ya warware matsalarsa ta shan kashi a hannun Michigan ne, ko dai faɗaɗa gasar fitar da gwani zuwa ƙungiyoyi 12 ce ta rufa masa asiri?

Baban Tsaro:
Wa'alaikumus salam Malam. Kashi na biyu na tambayarka ba ya buƙatar muhawara. A tsohon tsarin ƙungiyoyi 4, wanda ya sha kashi biyu bai taɓa shiga ba, daga 2014 har 2023. Ohio State ta shiga ne a matsayi na 8. Da a 2023 aka yi wannan kakar, da an tura su wani wasan ƙarshen shekara marar daraja, manyan 'yan wasan su ƙi bugawa don tsoron rauni, a shiga maganar korar koci.

Amma tsari ya buɗe ƙofa ne kawai, bai buga musu wasa ba. Tennessee 42 da 17, Oregon 41 da 21, Texas 28 da 14, Notre Dame 34 da 23. Wasa huɗu, kowanne da tazarar maki 11 ko fiye. Wanda ya yi wannan ba a ce masa mai sa'a.

Hajiyar Alƙaluma:
Kafin a yi nisa a tsaya a kan wasan Michigan, domin a nan ne ake gane abin da ya lalace, ba a wasan kofi ba.

Layin kariya, wato mutum biyar ɗin da ke tare wa mai jifa, ya riga ya rasa biyu mafi muhimmanci. Josh Simmons na gefen hagu ya ji rauni a gwiwa a wasan Oregon na Oktoba. Seth McLaughlin, na tsakiya mai miƙa ƙwallo, jijiyar dunduniyarsa ta tsinke a atisaye a Nuwamba. Aka matsar da Donovan Jackson daga ciki zuwa gefen hagu, Carson Hinzman ya koma tsakiya. Ma'ana, wurin da ya fi rauni a ƙungiyar shi ne tsakiyar layin. Wurin da Michigan ta fi ƙarfi kuma shi ne tsakiyar layin tsaronta, inda Mason Graham da Kenneth Grant suke, waɗanda dukkansu aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru.

To me Chip Kelly, mai tsara harin Ohio State a lokacin, ya yi ta kira? Gudu da ƙwallo ta tsakiya. Sau 26 suka yi gudu, suka samu yadi 77. Bai kai yadi uku a kowane gudu ba. Alhali Will Johnson, mai tsaron gefe mafi ƙwarewa na Michigan, bai buga wasan ba, su kuma suna da masu cafkar ƙwallo irin su Jeremiah Smith da Emeka Egbuka da Carnell Tate. Bayan hutun rabin lokaci ba su ci maki ko ɗaya ba. Mai jifan Michigan, Davis Warren, yadi 62 kacal ya jefa, an kuma cafke masa jifa biyu, amma duk da haka suka yi nasara. Wannan ba laifin 'yan wasa ba ne, laifin shiri ne.

Ɗan Kallo:
Hajiya, ai Jayden Fielding ya ɓarar da bugun maki uku har biyu, kuma duka ƙasa da yadi 40. Da ya ci su, 16 da 13 za a tashi, babu mai wannan magana.

Hajiyar Alƙaluma:
Gaskiya ne ƙanena, ka ƙara da jifa biyu da aka cafke wa Will Howard, mai jifan Ohio State, na farkon ma kusa da layin gidansu, wanda ya ba Michigan tacdawun ɗinta guda ɗaya tilo a wasan, wato kai ƙwallo cikin gidan abokan hamayya. Amma ƙungiyar da ake hasashen za ta ci da tazarar kusan maki 20 ba ta da hurumin barin wasa ya rataya a ƙafar mai bugu. Kuma ka tuna da ƙarshen wasan: bayan sun nemi hutun daƙiƙoƙi, aka kama su da mutum 12 a fili, aka ba Michigan sabon zagayen yunƙuri huɗu a bakin layin gidansu. Hakan ya cinye lokaci, mai bugun Michigan Dominic Zvada ya buga daga yadi 21 saura daƙiƙa 45. Kuskuren ƙirga mutane bayan hutu na masu horarwa ne kai tsaye.

Tsohon Hannu:
Ina tare da Hajiya, sai dai zan ƙara dalilin da ya sa aka yi hakan, domin Kelly ba yaro ba ne, ya san inda Graham yake tsaye.

Tun 2021 da Michigan ta ci su 42 da 27 ta hanyar gudu, zancen da ake yi shi ne Ohio State ba ta da ƙarfin ƙirji, ƙungiyar ado ce mai jifa kawai. 2022 aka sake, 45 da 23. 2023 kuma 30 da 24. A ganina wannan zargi ya shiga kan Day har ya zama yana son ya ci Michigan da irin salon Michigan, ya nuna shi ma zai iya tunkuɗe mutum. Kuma wasan Penn State ya ƙara masa wannan tunani: a can sun tare Penn State sau huɗu a bakin layi daga yadi 3, sannan suka riƙe ƙwallo minti biyar da 'yan kai da gudu zalla har aka tashi 20 da 13. Sai aka ɗauka layin da aka yi wa faci zai iya maimaita hakan. Amma a wasan Penn State McLaughlin na nan.

Akwai kuma yadda Wink Martindale ya tsara tsaron Michigan. Ya bar mutum biyu a can baya, ya rage mutane a gaba, kamar yana cewa ga hanya ku yi gudu. A ƙa'idar lissafi, idan masu tsaron gaba ba su fi masu tare musu yawa ba, gudu ake kira. Sai dai lissafin yana aiki ne idan kowane mutum naka zai iya riƙe nasa. Idan Graham shi kaɗai yana buƙatar mutum biyu, lissafin ya rushe tun kafin a miƙa ƙwallo.

Mai Usur:
To Baba, me ya canza cikin sati uku tsakanin 30 ga Nuwamba da 21 ga Disamba? Mutanen dai su ne.

Tsohon Hannu:
Jerin kira ne ya juya. Da gudu ake farawa don a buɗe jifa, sai aka koma jifa don a buɗe gudu. A wasan Tennessee kafin kwata na farko ya ƙare 21 da 0 ne, Smith ya tashi da yadi 103 da tacdawun biyu. A Rose Bowl, wasansu na biyu da Oregon, ya kama ƙwallo 7, yadi 187, tacdawun biyu, har aka kai 34 da 0 tun kafin hutu, kuma Oregon ce ta ɗaya a ƙasar, ba a taɓa doke ta ba a kakar.

Abu na biyu, irin gudun ma ya canza. Maimakon a ce mutanen ciki su tura na gabansu kai tsaye, sai aka yawaita wanda ɗaya ko biyu daga cikinsu ke janyewa su zagaya gefe su share hanya. Mutumin da ba zai iya ture mai kilo 140 ba yana iya tare shi ta kwana na daƙiƙa ɗaya, kuma daƙiƙa ɗaya ta ishi mai gudu da ƙwallo TreVeyon Henderson. An kuma riƙa musanya masu buga cikin layin, Luke Montgomery ya samu shiga, abin da ba a saba yi ba a wannan matsayi.

Baban Tsaro:
Ku yi haƙuri, kowa na maganar hari, alhali tsaro ne ya ɗauki kofin nan. Maki 12.9 ake ci musu a wasa, su ne na ɗaya a ƙasar.

Wasan Oregon na farko a Eugene, 32 da 31, shi ne ya gyara su. Ranar ba su kayar da mai jifan Oregon, Dillon Gabriel, ko sau ɗaya ba, ya jefa yadi 341. Matsalar a bayyane take: mutum huɗu na gaba kowa na bin layinsa a miƙe, na baya kuma suna tsaye tun kafin miƙa ƙwallo a inda za su tsaya. Gogaggen mai jifa yana karanta wannan kafin ya ɗaga hannu. Denzel Burke ya sha wahala a ranar domin an bar shi mutum-da-mutum babu mai taimako daga sama.

Bayan nan Jim Knowles, mai tsara tsaronsu a lokacin, ya yi gyara uku da ake gani a fili. Ya matso da Caleb Downs tsakiya kusa da layi, inda zai iya shiga gudu ko ya koma baya, mai jifa bai san wanne ba. Ya riƙa mayar da Jordan Hancock baya don su zama uku a sama, su nuna fuska ɗaya kafin miƙa ƙwallo su juya zuwa wata bayan an miƙa. Sannan na gaba suka fara giccen juna, na gefe ya shiga ciki na ciki ya zagayo. Sakamakon: daga wannan wasa har zuwa Rose Bowl babu wanda ya ci musu fiye da maki 17. Da suka sake haɗuwa da Oregon, sau 8 suka kayar da Gabriel, gudun Oregon kuma ya tashi ƙasa da sifili, an ci su bashin yadi 23.

Ɗan Kallo:
Yallaɓai, wasan Oregon na farkon ma ai da wayo aka ci su. Kocin Oregon Dan Lanning ya saka mutum 12 maimakon 11 da gangan, ya karɓi hukuncin yadi 5 ya cinye daƙiƙoƙi.

Baban Tsaro:
Haka ne, har NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta gyara fassarar dokar a satin da ya biyo baya, yanzu ana iya mayar da agogo. Amma kafin nan an hukunta Smith da ture mai tsaronsa, wanda ya fitar da su daga nisan bugun maki uku, sannan Howard ya zame ƙasa bayan lokaci ya ƙare. Sarrafa agogo a minti na ƙarshe abu ne da ya dame su sau biyu a kaka ɗaya, kuma duka biyun su ne wasannin da suka faɗi.

Hajiyar Alƙaluma:
Wasan Texas ne ya fi nuna mini cewa an koyi wani abu. Texas ta rufe Smith da mutum biyu, ƙwallo ɗaya ya kama, yadi 3. Irin abin da Michigan ta yi ke nan. Amma wannan karon ba su tsaya buga kai da bango ba: gajerar jifa ga Henderson dab da hutu ta tafi yadi 75, Tate da Egbuka suka ɗauki tsakiya. Ana 14 da 14 a kwata na huɗu, yunƙuri na huɗu saura yadi 2, Day bai buga ƙwallo ya ba da ita ba, ya bar Howard ya yi gudu, ya samu yadi 18. Sannan Texas ta zo yadi 1 daga layi, aka tare, suka jefa wa mai gudu ta gefe aka mayar da shi baya yadi 7, a yunƙuri na huɗu Jack Sawyer ya fizge ƙwallo daga hannun mai jifan Texas, Quinn Ewers, ya gudu yadi 83.

Haka a wasan kofi. Sun kai 31 da 7, suka sassauta, Notre Dame ta dawo 31 da 23. Yunƙuri na uku saura yadi 11, ƙasa da minti uku ya rage. Day na Nuwamba gudu zai kira ya ba da ƙwallo ya dogara da tsaro. Na Janairu ya bar Howard ya jefa wa Smith, yadi 56.

Mai Usur:
Sai dai Hajiya, sassautawar nan ita ce ke damuna. Maki 16 a jere aka ci musu. Da bugun maki uku na Mitch Jeter na Notre Dame bai daki ƙarfe ba, da labarin ya ƙara tsanani.

Sannan maganar kuɗi. Shugaban sashen wasanninsu, Ross Bjork, da bakinsa ya ambaci kusan dala miliyan 20 da 'yan wasan suka samu ta hanyar tallar suna da hoto. Howard daga Kansas State, Quinshon Judkins daga Ole Miss, Downs da McLaughlin daga Alabama. Kelly ya ajiye kujerar babban koci a UCLA ya zo ya zama mataimaki. Da irin wannan kaya, kofi ai wajibi ne, ba bajinta ba.

Tsohon Hannu:
A'a Malam, ka kalli inda kuɗin suka fi tafiya. Ba sayen baƙi ba ne, riƙe 'yan gida ne. Sawyer, JT Tuimoloau, Tyleik Williams, Egbuka, Henderson, Jackson, Burke, Lathan Ransom, duk suna iya tafiya NFL bayan kakar 2023, suka zauna. Mutanen da suka shekara uku ko huɗu a tsari ɗaya ne. Kuɗi kaɗai ba sa yin haka: Florida State ta ci wasa 13 a 2023, ta cika gurabenta da masu sauya sheƙa, ta tashi da nasara 2 da faɗuwa 10 a 2024.

Abin da zan yaba wa Day shi ne sakin kiran wasa. Shekara biyar shi ke kira da kansa, wanda ke nufin idonsa na kan takarda lokacin da ya kamata ya kasance kan agogo da tsaro. A 2024 ya miƙa wa Kelly. Shi ya ba shi damar shiga ɗakin masu tsaro bayan wasan Oregon.

Ɗan Kallo:
To yanzu sai gaba. Mutum 14 aka ɗauka a zaɓen NFL, huɗu a zagayen farko. Me ya rage?

Baban Tsaro:
Abin da ya tafi ya fi abin da mutane ke lissafawa. Mutum huɗun gaban tsaro duka sun tafi: Sawyer, Tuimoloau, Williams da Ty Hamilton. Duk dabarun ɓoye fuska da na ambata suna aiki ne saboda waɗannan huɗun na matsa wa mai jifa ba tare da an ƙara musu mutum ba, sai mutum bakwai su zauna a baya. Idan Kenyatta Jackson da Caden Curry da Kayden McDonald ba su iya haka ba, dole a turo na biyar da na shida, bayan kuma ya buɗe. Larry Johnson na horar da wannan layi tun 2014, shi ne dalilin da ban firgita sosai ba, amma bayan McDonald tsakiyar ba ta da zurfi.

Knowles kuma ya koma Penn State a farkon 2025, abokiyar hamayya a Big Ten, wadda za ta zo Columbus ranar 1 ga Nuwamban 2025 da mutumin da ya san kowane kira nasu. Wanda ya gaje shi Matt Patricia ne. Kada a auna shi da zamansa babban kocin Detroit a NFL, inda ya ci 13 ya faɗi 29 da canjaras ɗaya. Aikin babban koci daban ne. A auna shi da shekaru shida da ya tsara tsaron New England, 2012 zuwa 2017. Damuwata ta aiki ce: a jami'a sa'o'i 20 a mako doka ta yarda a yi da 'yan wasa, ba za ka iya loda musu littafin NFL ba. Layukan da ake ajiye ƙwallo a fili ma sun fi faɗi a jami'a, ƙafa 40 tsakaninsu maimakon 18 da rabi, saboda haka gefe ɗaya na fili yana da girma sosai, kusurwoyin tsaro duk sun bambanta. Abin da zai taimake shi a kakar 2025 shi ne Downs da Sonny Styles, masu iya karɓar tsari mai sarƙaƙiya, da kuma na'urar magana ta cikin hular kwano da aka fara amfani da ita a 2024, duk da tana yankewa idan saura daƙiƙa 15 a miƙa ƙwallo.

Hajiyar Alƙaluma:
A ɓangaren hari, Howard ya tafi da yadi 4,010 da tacdawun 35, kashi 73 cikin ɗari na jifarsa na isa hannu. Judkins da Henderson kowanne ya haura yadi 1,000, su ma sun tafi. A farkon 2025 Kelly ya koma Las Vegas Raiders, mai horar da layin kariya Justin Frye ya koma Arizona Cardinals. Brian Hartline ne zai kira wasa a kakar 2025. Babu wanda ya kai shi nemo masu cafka da horar da su, amma a 2023 da yake riƙe da sunan mai tsara hari Day ne ke kira. Idan abu ya yi tsami a wasa biyu, ina tsoron Day zai karɓe takardar, a koma gidan jiya.

Julian Sayin, wanda ake sa ran zai gaji Howard, jifa 12 kacal ya yi a 2024. Hannunsa na da sauri da saiti, amma ba shi da jikin Howard, saboda haka gudun yunƙuri na huɗu irin na wasan Texas ba lallai ya kasance cikin kayan aikinsa ba. Sauƙinsa shi ne Smith, mai yadi 1,315 da tacdawun 15 a shekararsa ta farko, doka ba ta ba shi damar shiga NFL ba sai bayan kakar 2026. A kakar 2025 ga Tate, ga Max Klare da ya zo daga Purdue. Raunukan 2024 ma sun bar alheri ɗaya: Hinzman, Montgomery, Tegra Tshabola da Austin Siereveld duk sun buga manyan wasanni.

Mai Usur:
Kujerar Day dai ta zauna, an tsawaita kwantiraginsa zuwa 2031 a kan dala miliyan 12.5 a shekara. Zuwa ƙarshen kakar 2024, wasa 70 ya ci, 10 ya faɗi. Amma huɗu daga cikin goman nan Michigan ce, kuma rabonsa da kofin Big Ten tun 2020. Mutanen Columbus ba su manta da tsohon kocinsu John Cooper ba, wanda ya ci Michigan sau 2 kawai cikin 13, suna kuma auna kowa da Urban Meyer, wanda Day ya gada, da ya ci Michigan sau 7 babu faɗuwa. Ni ban yarda an rufe wannan babi ba.

Tsohon Hannu:
Ba a rufe ba, kuma 29 ga Nuwamban 2025 a Ann Arbor, gidan Michigan, za a yi. Amma kafin nan ga abin da za ku duba ranar 30 ga Agustan 2025 da Texas da mai jifanta Arch Manning za su zo Columbus. Ku ƙirga sau nawa aka jefa wa Smith a kwata na farko, ko da an rufe shi da mutum biyu. Ku ƙirga mutum nawa Patricia ke turowa a yunƙuri na uku mai nisa: idan huɗu ne kuma Manning na gudun ceton kai, layin gaba ya samu magada, idan shida ne, akwai aiki. Sannan ku kalli hannun Day a gefen fili, ko yana riƙe da takardar kira ko babu.

Baban Tsaro:
A ƙara da mai bugu, Baba. Fielding na cikin ƙungiyar 2025, kuma a kakar 2025 an daina ware matsayi huɗun farko ga zakarun rukuni kawai, za a jera ƙungiyoyi bisa matsayinsu ne. Wasa ɗaya da aka faɗi da maki uku na iya zama bambanci tsakanin hutun zagayen farko da sake buga wasa huɗu kamar a kakar 2024.